Yadda Ake Shiga Binciken Kwaikwayon Kwamfuta a Matakin Digiri na Biyu da na Uku

Tsakanin shekarar 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma tana cikin Jihar Jigawa. An riƙa ɗibar jinin mutane ana dubawa, ana kama sauro ana ƙirgawa, aka fesa magani a ɗakunan kwana, aka kuma raba ƙwayoyi ga jama'a. Abin da ya sa har yau ake ambaton aikin a jami'o'in duniya shi ne cewa masana uku, Dietz da Molineaux da Thomas, sun zuba cutar cikin lissafi. Sun rubuta jumlolin lissafi da ke bayyana yadda mutum yake kamuwa, da yadda yake warkewa, da yadda garkuwar jikinsa take ƙaruwa da shekaru, suka bar kwamfuta ta bi lissafin daga damina zuwa rani, sannan suka ɗora abin da ta fitar a kan abin da aka gani a ƙauyukan. A 1974 suka wallafa wannan samfuri, wanda ake kira da sunan Garki har gobe.

Wannan shi ne kwaikwayon kwamfuta. Ana ɗaukar wani abu na zahiri wanda gwada shi kai tsaye yake da tsada, ko haɗari, ko ma ba zai yiwu ba sam, a gina masa samfuri na lissafi, a sa kwamfuta ta tafiyar da shi mataki bayan mataki, domin a ga abin da zai faru idan an sauya wani sharaɗi. Ba za a fasa madatsar ruwa ta Tiga don a ga inda ambaliya za ta kai ba, kuma ba za a jira shekara talatin don a san ko gero zai jure zafin da ke tafe ba. Ɗalibin da yake son ya yi digiri na biyu ko na uku a wannan fage yana buƙatar abubuwa da dama, amma abin da zan fi nanatawa guda ɗaya ne: jami'o'i ba masu iya danna manhaja suke nema ba, suna neman wanda ya san lokacin da ya kamata ya ƙaryata abin da kwamfuta ta faɗa masa.

Ka fara sanin wane irin kwaikwayo kake nufi

Sunan ɗaya ne, amma gidaje ne daban-daban, kuma wanda bai bambance su ba yana iya neman gurbi a sashen da ba shi da alaƙa da abin da yake so. Gida na farko shi ne na abubuwan da suke gudana ba yankewa, kamar ruwa da iska da zafi da lanƙwasar ƙarfe, inda ake yanka fili gunduwa-gunduwa a warware lissafin kowace gunduwa. Hasashen yanayi ɗan wannan gida ne, kuma tun 1950 Jule Charney da John von Neumann da abokan aikinsu suka gwada shi a kan kwamfutar ENIAC, inda hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24 kafin ya fito. Gida na biyu na ƙwayoyin zarra ne, inda ake bin motsin kowace ƙwaya, kuma irin wannan aiki ne ya ba Karplus da Levitt da Warshel kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2013. Gida na uku shi ne na dace da ƙuri'a, wanda ake kira hanyar Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam ya faro a 1946 a Los Alamos. Akwai kuma na layi da jira, wanda ake amfani da shi a asibitoci da masana'antu da hanyoyin sadarwa, sannan akwai wanda ake ƙirƙirar dubban mutane ko motoci ko shanu a cikin kwamfuta, kowanne da 'yar ƙa'idarsa, a zuba ido a ga abin da taronsu zai haifar.

Hanya mafi sauƙi ta zaɓa ita ce ka fara da tambaya, kada ka fara da kayan aiki. Injiniyan ruwa da yake son sanin dalilin da ya sa kogin Haɗejiya yake malala a wasu wurare yana ƙafewa a wasu ya riga ya san gidansa, haka ma ɗalibin aikin gona da yake son sanin ranar shuka mafi dacewa ga masara a Zariya.

Tushen da ba ya tsallakuwa

A ɓangaren lissafi, dole ne ka riƙe aljabarar matiris riƙo mai kyau, domin kusan duk wani babban kwaikwayo yana ƙarewa ne a warware dubban jumlolin lissafi a lokaci guda. Sai kalkulas da jumlolin da ke bayyana sauyin abu cikin lokaci da wuri, sai ilimin yiwuwa da ƙididdiga, sai kuma darasin da yawancinmu muka yi wa riƙon sakainar kashi a aji uku, wato hanyoyin ƙiyasi da lamba. Wannan darasi na ƙarshe shi ne zuciyar fagen gaba ɗaya, kuma masu tantance takardu sukan duba makinsa kafin su duba matsayin digirin.

Zan ba da misali da kaina. Aikina na farko shi ne kwaikwayon yadda zafi yake bin sandar ƙarfe idan an ɗora bakinta a kan wuta. Na raba sandar gida hamsin, komai ya tafi daidai, sai na ce bari in ƙara inganci, na mayar da ita gida ɗari ba tare da na taɓa tazarar lokaci ba. Kafin in gama kurɓar shayi, tsakiyar sandar ta kai zafin digiri miliyoyi, gefenta kuma ya sauka ƙasa da sifiri da miliyoyi. Na shafe kwana biyu ina neman kuskuren rubutu a manhajar, alhali kuwa babu shi. Ƙa'ida ce sananniya cewa a irin hanyar da na bi, idan ka rage tazarar wuri da rabi, dole ka rage tazarar lokaci zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba ƙananan kurakurai za su riƙa ninka kansu har lissafin ya tarwatse. Tana nan cikin littafin da na ci jarrabawa da shi, na haddace ta ban fahimce ta ba.

A ɓangaren rubuta manhaja, ka fara da harshen Python tare da kayan lissafinsa, NumPy da SciPy, kuma ka kai matsayin da za ka iya rubuta aiki mai layi ɗari uku ba tare da kwafe daga intanet ba. Bayan haka ka koyi harshen C++ ko na Fortran. Matasa sukan yi wa Fortran kallon kayan tarihi saboda tun shekarun 1950 take, amma manyan samfuran yanayi irin su WRF da ita aka rubuta su, kuma duk wanda zai shiga wannan ɓangare zai same ta tana jiransa. Ka saba da tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux da ba da umarni a rubuce, domin kusan duk manyan kwamfutocin bincike a kansa suke aiki, ka kuma koyi Git don ajiye tarihin kowane gyara. MPI da OpenMP, waɗanda ake raba aiki ɗaya da su ga ɗaruruwan ƙwaƙwalen kwamfuta, za su iya jira har ka shiga shirin.

Ka gina ƙaramin aiki naka kafin ka nemi gurbi

Nan ne nake ganin ɗalibanmu suke barin dama mai yawa, shi ya sa zan daɗe a kansa. Takardar shaida tana nuna abin da aka koya maka, amma ƙaramin aikin da ka fara da kanka ka kai ƙarshensa shi ne yake nuna abin da ka iya, kuma ba ya buƙatar komai sai laftof da littafin rubutu da agogo.

Ɗauki burtsatsen unguwarku mai famfo ɗaya. A ce a matsakaici mutum ɗaya yana zuwa duk bayan minti 5, kuma kowa yana ɗaukar minti 4 a matsakaici kafin ya cika kayansa. Rubuta manhajar da za ta ƙirƙiri mutane dubu ɗari, ta jefa ƙuri'ar lokacin zuwan kowa da tsawon ɗibansa, ta jera su a layi, sannan ta faɗa maka matsakaicin jira. Daɗin wannan misali shi ne an riga an san amsarsa, domin tun 1909 injiniyan Danmak Agner Erlang ya aza harsashin ilimin layi sa'ad da yake nazarin kiran tarho a Kofanhegan. A tsari mafi sauƙi na wannan ilimi, famfon yana cikin aiki kashi 80 cikin ɗari na lokaci, kuma matsakaicin jira kafin a kai ga famfo minti 16 ne. Idan manhajarka ta ba ka abin da ya kusa 16, to ta warware lissafin daidai. Idan ta ba ka 9 ko 30, akwai ɓaraka, kuma kada ka matsa gaba sai ka gano ta. Daga nan ka ƙara tsawon ɗiba daga minti 4 zuwa 4 da rabi, za ka ga jira ya yi tsalle daga minti 16 zuwa sama da 40, abin da ba mai hasashensa da ka kawai. Za ka kuma lura cewa amsar tana ɗan rawa daga gwaji zuwa gwaji, kuma rage wannan rawa sau goma yana buƙatar ƙara yawan mutanen sau ɗari, wanda shi ne halin duk wani lissafin ƙuri'a.

Wannan rabin aikin ne kawai, kuma masana suna kiransa tabbatar da cewa an warware lissafin daidai. Rabi na biyu shi ne tabbatar da cewa lissafin da aka warware shi ne ya dace da duniya. Saboda haka ka ɗauki kujera ka zauna kusa da burtsatsen na kwana uku, bayan ka nemi izinin mai kula da shi, kana rubuta lokacin zuwan kowa da lokacin tafiyarsa. Ba za a jima ba za ka ga samfurin naka yana zubewa. Mutane ba sa zuwa a warwatse yadda ƙuri'a ta ɗauka, suna yin dafifi bayan sallar asuba da bayan la'asar, da tsakar rana kuma wurin fayau. Yarinya mai bokiti ɗaya minti guda ya ishe ta, ɗan garuwa kuwa ya turo kura cike da jarkoki, shi kaɗai zai cinye lokacin mutum goma. Wani yana hango tsawon layi sai ya juya, wata kuma ta ajiye bokitinta a layi ta koma gida, ga dattijon da ake ɗaga wa ƙafa ya wuce gaba. Ka koma ka gyara samfurin da waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kana duba wanne ne ya sauya amsar sosai, wanne ne kuma bai tsinana komai ba. Sai bayan haka kake da hurumin yin tambayar da ta sa aka fara aikin, wato ko ƙara famfo na biyu ya fi, ko ware wa 'yan garuwa lokacinsu.

Ka rubuta rahoto mai shafi huɗu ko biyar, ka nuna inda samfurin ya dace da inda ya gaza, ka ɗora shi tare da manhajar a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji kowa ya gani. Farfesan da ya buɗe wannan zai ga mutumin da ya riga ya fara tunani irin na mai bincike. Wanda ya fi ƙarfin wannan mataki yana iya ɗaukar manhajojin da ake samu kyauta: SUMO don cunkoson motoci, HEC-RAS don ambaliya, MODFLOW don ruwan ƙarƙashin ƙasa, OpenFOAM don gudanar ruwa da iska, LAMMPS ko GROMACS don ƙwayoyin zarra, NetLogo don kwaikwayon taron jama'a. Sai dai ƙa'idar ba ta sauyawa, dole ne a fara da matsalar da aka san amsarta.

Wannan taka-tsantsan ba tsirfar malamai ba ce. A watan Agusta na 1991, gindin kankare na dandamalin haƙar mai Sleipner A ya nitse a wani mashigin teku kusa da Stavanger a ƙasar Norwe yayin da ake gwada shi, kuma bincike ya nuna cewa lissafin kwamfuta ya rage ƙarfin da zai danne wasu bangaye da kusan kashi 47 cikin ɗari, saboda an yanka wurin gunduwa-gunduwa ta hanyar da ba ta dace ba. Asarar ta kai kimanin dala miliyan 700. Akwai kuma darasin da ya shafe mu kai tsaye. Bayan farin da ya addabi Sahel a farkon shekarun 1970, Charney ya kawo hasashe a 1975 cewa yawan kiwo yana tsiraita ƙasa, ƙasar ta riƙa mayar da hasken rana sama, ruwan sama ya ragu, kuma samfurin kwamfuta ya nuna hakan yana iya faruwa. Daga baya, ayyukan Folland da abokansa a 1986, da na Giannini da abokanta a 2003, suka nuna cewa sauyin zafin tekuna ne babban abin da yake jan ragamar damina da fari a yankin. Samfuri ya nuna abu yana yiwuwa, wannan bai zama hujjar cewa shi ne ya faru ba, kuma a tsakanin waɗannan biyu an daɗe ana ɗora wa makiyaya laifin da ya fi ƙarfinsu.

Inda ake yin karatun

Ba kasafai za ka ga sashe mai sunan kwaikwayo ƙarara ba. Mafi yawan aikin yana ɓoye ne a sassan injiniya da fiziks da lissafi da kimiyyar yanayi da lafiyar al'umma, don haka ka nemi rukunin bincike, kada ka tsaya ga sunan sashe. Duk da haka akwai shirye-shiryen da aka gina musamman don fagen. A Jamus, Jami'ar RWTH da ke Aachen tana da digiri na biyu a kimiyyar kwaikwayo, Jami'ar Fasaha ta Munik tana da na kimiyya da injiniya ta hanyar kwamfuta, duka da Ingilishi, Jami'ar Stuttgart kuma tana da cibiyar SimTech. Akwai shirin haɗin gwiwa mai suna COSSE tsakanin Jami'ar KTH ta Stockholm da jami'o'in fasaha na Balin da Delft. A Birtaniya, cibiyar EPCC ta Jami'ar Edinbara, wadda take riƙe da babbar kwamfutar ARCHER2, tana koyar da digiri na biyu na shekara guda kan sarrafa manyan kwamfutoci. A Amurka akwai Cibiyar Oden a Jami'ar Texas da ke Austin, da cibiyar ICME a Stanford, da makaranta sukutum ta wannan fage a Georgia Tech. Jami'ar Central Florida da ke Orlando da Jami'ar Old Dominion da ke Virginia suna da digiri mai ɗauke da sunan fagen kansa, sai dai ta Orlando ta fi karkata ga na'urorin horar da mutane, irin waɗanda matuƙa jirgi suke koyo da su, don haka mai son lissafin ambaliya ya duba da kyau kafin ya biya kuɗin fom. A Saudiyya, Jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009 a Thuwal tana da babbar kwamfutar Shaheen, kuma tana ɗaukar nauyin ɗaliban da ta karɓa.

Ga wanda digirinsa na farko bai ba shi tushe mai ƙarfi ba, ko wanda jami'arsa ba sananniya ba ce a waje, akwai gadoji biyu da na fi ba da shawara a kansu. Ta farko ita ce cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a 2003 a Muizenberg kusa da Kef Tawun, ta kuma buɗe rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, inda ake yin digiri na biyu na kimanin shekara guda a ilimin lissafi, kuma kyauta ne har da masauki da abinci. Ta biyu ita ce cibiyar fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, mai shirin difloma na shekara guda ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. A can ne kuma ake renon samfurin yanayi na RegCM, wanda masu bincike a Afirka ta Yamma suka daɗe suna aiki da shi. Malaman da suke koyarwa a waɗannan wurare biyu suna zuwa daga jami'o'i daban-daban, kuma wasiƙar shaida daga ɗayansu tana buɗe ƙofofi.

Ba lallai ne a ƙetare teku ba. Jami'ar AUST da ke Abuja tana ba da digiri na biyu da na uku, kuma tana da sassan lissafi da fiziks da kimiyyar kwamfuta da injiniyan man fetur. Shirin WASCAL, wanda gwamnatin Jamus take tallafa wa, yana da makarantar digiri na uku kan yanayin Afirka ta Yamma a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, da wata kan sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai. A Yamai ɗin kuma akwai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, waɗanda hasashen damina da amfanin gona yake cikin aikinsu na kullum. A Kano, masu bincike a Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero sun yi aiki da samfuran DSSAT da APSIM kan amfanin gonar yankinmu. Amfanin karatu a gida shi ne kana kusa da filin da za ka gwada samfurinka, matsalarsa kuwa ita ce ƙarancin manyan kwamfutoci da rashin tsayayyiyar wuta.

Malami kafin jami'a

A digiri na biyu sunan shiri yana da nauyi, amma a digiri na uku malamin da zai duba aikinka shi ne komai, domin shekara uku zuwa biyar za ku yi tare. Ka nemo muƙalu biyar na baya-bayan nan kan tambayar da take ranka, ka duba waɗanda suka rubuta su, ka bi sawunsu zuwa rukuninsu. Ka duba ko malamin yana wallafa aiki a shekara uku da suka wuce, ko ɗalibansa suna gamawa, da kuma inda suke zuwa bayan sun gama. Idan da hali ka tuntuɓi ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban, domin abin da za su faɗa maka a asirce ba ya cikin shafin jami'a.

Wasiƙar farko ta zama gajera, kada ta wuce sakin layi uku. Mu mun saba da doguwar gaisuwa da yabo, wanda ladabi ne a wurinmu, amma farfesan da yake samun wasiƙu da yawa a kowane mako zai ɗauke ta a matsayin wadda aka aika wa mutum ɗari. Ka faɗi ko kai wane ne a jumla ɗaya, ka ambaci muƙalarsa guda da ka karanta tare da tambaya ta gaske a kanta, ka haɗa adireshin ƙaramin aikinka, sannan ka tambaya ko yana ɗaukar ɗalibai a bana. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka wuce zuwa wani.

Takardu da kuɗi

Ka fara neman cikakkiyar takardar sakamakonka shekara guda kafin lokaci. Tawa ta shafe wata huɗu tana yawo tsakanin ofis da ofis, har wa'adin wata jami'a ya wuce ni ina ji ina gani. A Amurka ana iya shiga digiri na uku kai tsaye da digiri na farko, ana rufe karɓar takardu galibi a Disamba ko Janairu, kuma a fannonin kimiyya da injiniya akan yafe kuɗin makaranta a biya ɗalibi alawus a madadin taimakawa wajen koyarwa ko bincike. A Jamus da Holan da Suwidin, gurbin digiri na uku yakan zo ne a matsayin aiki mai albashi da ake tallatawa, kuma sai mai digiri na biyu. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, amma jihar da Stuttgart take ciki tana karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai tun 2017, Jami'ar Fasaha ta Munik ma ta fara karɓa a 2024, sannan biza tana buƙatar shaidar sama da Yuro 11,000 na guzurin shekara ga wanda ba shi da tallafi. Ana neman jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL a wurare da yawa, wasu kuma suna amsar wasiƙar da ke nuna da Ingilishi aka koyar da kai. Tallafin da ya kamata a duba ya haɗa da na DAAD da Erasmus Mundus da Commonwealth da Bankin Musulunci, da kuma PTDF ga ɗan Nijeriya da aikinsa ya shafi mai da gas da makamashi. A cikin gida, jami'o'in Nijeriya suna neman takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa.

Idan tayi ya zo, kada murna ta hana ka tambaya. Ka nemi a rubuta maka shekara nawa tallafin zai ɗauka da abin da zai faru idan ya ƙare kafin ka gama kundi. Ka tambayi wace kwamfuta rukunin yake aiki da ita da adadin awoyin da aka ware masa, domin a manyan cibiyoyi layi ake bi kuma awoyin a ƙirge suke. Ka kuma tambayi daga ina alƙaluman gwaji za su fito, musamman idan aikin ya shafi yankinmu, inda tashoshin auna ruwan sama suke da nisa da juna kuma bayanan wasu shekaru suka ɓace. Wanda zai yi karatun a gida ya ƙara tambaya guda, wato ko malaminsa yana da alaƙa da wata cibiya da za ta ba shi damar aika aiki ta intanet, kamar CHPC ta Kef Tawun mai kwamfutar Lengau. Kuma tun ranar farko ya tsara manhajarsa ta riƙa ajiye inda ta kai a kan faifai duk bayan rabin awa, yadda idan aka ɗauke wuta da ƙarfe uku na dare kuma batir ya mutu, da safe zai ɗora daga inda ta tsaya maimakon ya koma farkon aikin kwana biyu.